Takardar gwajin MMPI ta nuna "sikizofireniya": shin ƙanina ya samu taɓin hankali ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Gusau. Ƙanina ɗan shekara 26 ya yi makonni a hannun 'yan bindiga bayan sun tare motarsu a hanyar Ɗansadau. Allah ya kuɓutar da shi, amma tun da ya dawo ba ya barci, in babur ya wuce da dare sai ya zabura, har maƙwabta yake zargin akwai infoma a cikinsu. A asibiti an ba shi wata doguwar takarda mai tambayoyi fiye da 500, wai ita MMPI-2, gwajin auna halayya da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ga sakamakon: L 58, F 76, K 44, sannan lamba 2 ta kai 72, lamba 6 ta kai 75, lamba 7 ta kai 70, lamba 8 kuma 78. Da na duba a intanet sai na ga lamba 8 ita ce sikizofireniya, wato wata cutar taɓin hankali. An sa ranar aurensa bayan babbar Sallah, Innarmu kuma kullum kuka take. Don Allah ya haukace ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ina yi muku barka da dawowarsa, Allah ya ƙara tsarewa, ya fito da sauran bayinsa da ke daji. Ki fara da lallashin Inna. Wannan takarda ba ta da hurumin cewa ɗanta ya haukace, kuma duk ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai yanke hukunci da ita kaɗai ba.

Abin da ya tsorata ki suna ne, kuma sunan tsohon yayi ne. Wasu malamai biyu na Jami'ar Minesota a Amurka, Starke Hathaway masanin halayyar ɗan Adam da J. C. McKinley likitan ƙwaƙwalwa, su ne suka fitar da gwajin a 1943. Dabararsu ita ce su tara ɗaruruwan jimloli da ake amsawa da "gaskiya ne" ko "ba gaskiya ba ne", su ba majinyatan da aka riga aka san cutarsu, su kuma ba mutane masu lafiya, yawancinsu waɗanda suka zo dubiya asibitin jami'ar. Duk jimlar da ta bambanta rukuni biyun sai a saka ta a sikelin wannan cuta, wato jerin jimlolin da ke auna ta, ko da ma'anarta ba ta da alaƙa da cutar a ido. Da aka fara aiki da gwajin sai aka ga mutane da yawa suna hawa sama a sikelin sikizofireniya alhali ba su da ita. Shi ya sa masana suka koma kiran sikelolin da lambobi. A bakinmu mu masu wannan aiki za ki ji ana cewa "takwas ɗinsa ta hau", ba ma kiran sunan cutar. Wanda ƙaninki ya yi shi ne wanda aka sabunta a 1989, mai jimloli 567. Akwai gajerun da suka biyo baya, na 2008 mai 338 da na 2020 mai 335.

Lambobin kuma ba makin jarrabawa ba ne da ake cewa kaza bisa ɗari. Ana kiransu makin T. Matsakaicin mutum yana kan 50, kuma a MMPI-2 daga 65 zuwa sama ne muke tsayawa mu duba da kyau. Cikin mutane 2,600 na Amurka da aka auna gwajin da su, kusan 8 cikin 100 ne suke kaiwa 65 a sikelin asibiti irin waɗannan. To 78 na nufin amsoshinsa sun yi nisa da na waɗancan mutane. Dalilin nisan kuwa, takarda ba ta faɗa, sai an zauna da mutum.

Kafin mu kalli lambar kowace cuta, haruffan nan muke fara karantawa, domin su ne ke gaya mana ko za a yarda da sauran. L tana kama mai son nuna kansa ba shi da aibi ko kaɗan, wanda zai ce bai taɓa fushi ba, bai taɓa gulma ba. A nan ƙasarmu nakan yi hattara da ita, don yaron da aka rena da kunya da karatun allo yakan ɗan hau a L ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Tasa 58 ce, babu abin damuwa. K tana auna mai ɓoye damuwarsa cikin wayo. Tasa 44 ta nuna bai rufe cikinsa ba. F kuwa ta ƙunshi amsoshin da ƙasa da mutum 10 cikin 100 na masu lafiya suke bayarwa. Takan hau in mutum ya cika takardar da ka, ko bai fahimci Turancin ba, ko yana ƙara gishiri, ko kuma da gaske yana cikin matsanancin hali. A wurin wanda ya zo asibiti da damuwa, 76 ba ta isa a jefar da sakamakon ba. Akwai wasu ma'aunai da ba ki kawo ba, VRIN da TRIN, masu duba ko amsoshinsa suna karo da juna. Ki tambaya a nuna miki su.

Yanzu ga lambobinsa. Biyu ita ce ta baƙin ciki da karayar zuciya, rashin barci da rashin jin daɗin komai. Bakwai ita ce ta fargaba da saƙe-saƙen da mutum ya kasa tsayarwa. Waɗannan ba sa ba ni mamaki ga wanda ya kwana a ƙasa da bindiga a kansa.

Shida ita ce ta zargi, kuma a nan nake so ki tsaya. Sikelin yana tambayar abubuwa irin su ko mutum yana jin ana bibiyarsa, ko akwai masu shirya masa sharri, ko an taɓa cutar da shi ba da haƙƙinsa ba. Ga manomin Minesota a 1943, amsa "gaskiya ne" ga irin wannan alama ce mai nauyi. Ga saurayin da aka tare a hanya, aka ɗaure, aka kira gidansu ana cinikin ransa, amsar "gaskiya ne" labarin abin da ya faru ne. Kuma kowa a Zamfara ya san maganar infoma ba tatsuniya ba ce. Abin da muke bambancewa a hira shi ne tsoron da ke da tushe ya kuma wuce gona da iri, da imanin da ba ya motsi ko an kawo hujja, kamar mutum ya ce rediyo da shi take magana ko an dasa masa na'ura a kai.

Takwas ita ce mafi tsawo cikin sikelolin asibiti goma, jimloli 78, kuma tarkace ne iri-iri a cikinta: jin kaɗaici a cikin mutane, jin babu wanda ya fahimce ka, kasa tara hankali wuri ɗaya, mantuwa, jin jiki wani iri, da kuma jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani. Mutum biyu za su iya samun maki 78 irin nasa, ɗaya don yana jin muryoyi, ɗaya don ya dawo daga daji ya ga duniya ta canza masa. Shi ya sa ake da ƙananan sikeloli na wasu masana biyu, Harris da Lingoes, da ke rarraba sikelin takwas gida shida, a ga wane gida ne ya ɗaga ta. An daɗe da lura cewa masu ciwon firgici bayan bala'i sukan hau a F da biyu da takwas tare. Har akwai sikeli na musamman a MMPI-2 mai suna PK, wanda Terence Keane da abokan aikinsa suka gina daga tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam. Abin da kika kwatanta ya fi kama da wannan, amma ban ga ƙaninki ba, kuma ba zan sa masa sunan cuta daga nesa ba.

Wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yin gwajin a gurguje. Na taɓa zama da wani dattijo da takwas ɗinsa ta hau sosai. Muka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Da muka zo kan wadda ta shafi abubuwan da ido ba ya gani, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ai aljanu Alƙur'ani ya ambace su, in ce babu?" Wasu jimlolin kuma ɗansa ne ya fassara masa a baranda, ya amsa yadda ba zai ji kunyar yaron ba. Wannan sakamako ba a gina komai a kansa. Saboda haka ki binciko: da wane harshe ƙaninki ya amsa? Turancinsa ya kai ya karanta jimla 567 shi kaɗai? Gwajin yakan ci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shin ya yi shi a natse ko bayan ya kwana ido biyu? Wani ya tsaya a kansa?

Abin da zan ba ki shawara shi ne ku koma wurin wanda ya yi gwajin, shi ƙaninki ya nemi a zauna a yi masa bayani, wannan haƙƙinsa ne. In ya yarda ki raka shi. Ku faɗi komai: yadda yake kafin a ɗauke shi, yaushe canjin ya fara, ko yana shan wani abu don ya samu barci, ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. In ana buƙatar ƙarin ƙwararru, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato shi ne na musamman a wannan yanki. Ciwon firgici yana da magani, ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti ba, ku riƙe duka biyun. Ko da a ce bincike ya nuna sikizofireniya ce, ita ma ana shan magani a zauna lafiya da iyali.

Maganar aure kuma, kada hoton takardar nan ya bar wayarki. Sirrinsa ne, kuma in ya shiga WhatsApp ɗin dangi, kalma ɗaya za a riƙe a bar sauran. Ko a ɗaga ranar ko a bar ta, shi da likitansa da magabata ne za su duba bayan an san ainihin abin da ke damunsa, sannan a gaya wa gidan amarya gaskiya da bakin da ya dace.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar komawa asibiti a kansu. In ya fara cewa gara ma ya mutu, ko yana raba kayansa yana neman gafara ba dalili, ko yana magana da wanda ba ya nan, ko ya daina ci, ko ya fara kwana da makami yana ambaton sunan wani maƙwabci, ku kai shi asibiti a ranar. Ku kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da duk wani makami daga ɗakinsa, kuma a samu wanda ya yarda da shi ya riƙa kwana kusa da shi.