Amsa: Mace ta taɓa jan ragamar kamfanin littattafan komik?

Yar'uwa, tambayarki ko an taɓa samun mace a saman babban kamfanin komik, wato littattafan labari cikin zane, ai kuwa an yi, Jenette Kahn ce a DC Comics na Amurka, masu Superman da Batman. 1976 aka ba ta kujerar mawallafiya tana da shekara 28 kacal, kuma ba daga harkar komik ta fito ba, mujallun yara take yi irin su Dynamite, shi ya sa tsofaffin ma'aikata da farko suka yi mata kallon baƙuwa. Farkon bai yi daɗi ba, a 1978 kasuwa ta faɗi aka soke littattafai da dama lokaci guda, amma ba ta tafi ba, 1981 ta zama shugabar kamfanin gaba ɗaya. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne a zamaninta DC ya fara ba marubuta da masu zane kaso daga cinikin littafi, da can kuɗin shafi kawai ake biyansu shikenan. A lokacinta littafin Watchmen ya fito 1986, sannan aka buɗe sashen Vertigo mai fitar da komik na manya a 1993 ƙarƙashin wata macen, Karen Berger. Jenette Kahn ta sauka 2002 ta koma shirya fim.