Ayari Daga Katsina Zuwa Bakin Teku: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Mu iyali uku ne a Ƙofar Marusa, muna son mu yi ayari zuwa Badagry, a bakin teku a jihar Legas, a hutun yara. Wani ɗan'uwa ya ce mu haɗa kuɗi mu sayi tirelar kwana irin ta Turawa, wadda ake ja da mota, mu huta da kuɗin otal. Ko akwai riba?

Amsa: Alhaji, a bar maganar tirelar nan. A Turai akwai zango na musamman da ake ajiye ta, da wuta da ruwa da wurin zubar da bayan gida. A hanyarku babu irinsa, kuma ba za ka kwantar da mata da yara a gefen titi ba. Ga ramuka, ga gosulon Legas, ga bayani a kowane shinge. Kuɗin ku zuba shi a cikin motocin da kuke da su.

Ku fara da taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra suna ɗaukar wadda ta haura shekara huɗu a matsayin ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba. Ranar Katsina tana busar da roba, tayar ta tsattsage, sai ta fashe idan ta ɗauki zafi da lodi. Tayoyin Beljiyam galibi sun tsufa tun kafin su iso. A duba safaya ita ma, a gwada jak da sifana tun a gida.

Sai lagireto. Makanikai da yawa suna zuba ruwan famfo, wanda ke kawo tsatsa ya toshe hanyoyin ruwa. A kan buɗaɗɗen titi iska tana rufa asiri, amma idan aka tsaya cak sa'a biyu a cunkoso, nan mota ke tafasa. A wanke shi, a zuba ruwan lagireto na galan, a tabbatar fanka tana tashi da kanta. Man birki da ya wuce shekara biyu a canza shi, domin yana shan danshi, kuma akwai gangare tsakanin Okene da Akure. Kada ku raina waifa: wata bakwai tana kwance a rana ba ta aiki, ruwan farko na kudu zai tona mata asiri. Idan gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, a kunna na'urar sanyi a juya iskar kan gilashin, goge shi da hannu ƙara dagula shi yake yi. Lodin saman kariya kuma kada ya wuce kilo 60 zuwa 70.

Tambaya: Kwana nawa za mu yi a hanya, kuma man nawa za mu tanada?

Amsa: Tafiyar ta kai kilomita 1,400 a zuwa kawai, ku raba ta uku. Ranar farko Katsina, Kano, Zariya, Kaduna, a kwana Abuja. Ta biyu a bi Lokoja da Okene a kwana Akure. Ta uku a ratsa Badun a shiga Legas kafin la'asar. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin magariba, kuma a jajibirin tafiya a je tasha a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum halin da take ciki. Mota irin Toyota Sienna da lodi tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, wato kusan lita 340 zuwa da dawowa. Ku lissafa lita 400 saboda yawo da cunkoso. Geji ya sauka rabi, a cika.

A naɗa madugu guda, shi ke faɗin inda za a tsaya. Motar da ta fi rauni a tsakiya, mai kayan gyara a baya. Abin da ke jawo haɗari a ayari shi ne na baya ya ga na gaba ya wuce babbar mota, shi ma ya bi ba tare da ya ga gabansa ba. Ku yanke garin haɗuwa tun kafin tashi, wanda aka bari a baya ya zo a hankali.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Daura. Dogon hutu ya fi mana sauƙi, amma an ce damina ce can. Kuma me yara za su gani?

Amsa: Malama, idan da hali a bari sai Disamba ko Janairu. Ruwan Legas ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, yana ɗan sassautawa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ko da rani ne, zafin can mai gumi ne, wanki ba ya bushewa da wuri, don haka a ɗauki kaya marasa nauyi da gidan sauro.

A Lokoja a hau dutsen Patti a hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu. A Badagry akwai gidan tarihin cinikin bayi, da kurkukun bayi na Seriki Abass, inda yara za su ga sarƙoƙi da ƙananan ɗakunan da ake cusa mutane. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda za a ce muku shi ne bene na farko a Najeriya. Wanda ya taso yana kallon hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, sai ya yi murmushi kawai. Daga nan ana tsallakawa da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin yashi kusan rabin sa'a zuwa inda ake loda bayi a jirgi. Kowa ya sa rigar kariya kafin ya shiga, mai jirgin da ba shi da ita a bar shi.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: tekun wannan gaɓar tana da igiyar da ke jan mutum ciki, ko gwanin iyo a dam ba ya iya mata. Ruwa ya tsaya wa yara a idon sawu, babba yana riƙe da hannunsu. Kada a shiga da mota cikin yashin, za ta nutse har ciki. Kafin a juyo a kai ta wurin wanki a fesa wa ƙasanta ruwa sosai, domin gishiri yana cin salansa da bututun birki.

Tambaya: Tunda mun zo kusa, mu shiga Kwatano da motocinmu?

Amsa: Malam, mutum ya fi mota sauƙin tsallakawa. Kai fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara sun ishe ka, babu biza har kwana 90. Mota kuwa sai inshorar ECOWAS mai suna Brown Card, da takardar shigar wucin gadi daga kwastan na Jamhuriyar Benin. Don kwana biyu, ku bar motocin a otal a Badagry, ku tsallaka iyakar Seme ku ɗauki shatar tasi zuwa kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ko Ganvié, garin da aka gina a kan ruwa, ko garin Ouidah. Ku canza sefa kaɗan a iyaka, sauran a unguwar Zongo ta Kwatano, inda za ku yi ciniki da Hausa. Takardun kwastan na motocinku su kasance a hannu ko ba ku fita da su ba, domin a 2017 an hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, kuma shingayen hanyar Seme suna bincika wannan. Shinkafar waje ma, duk arharta, a bar ta can.