Hukuncin ɓaraka a lissafin kuɗin jama'a da kwamfuta

Tambaya: Malam, ni ne ma'ajin wata ƙungiyar manoman riɗi a nan Damagaram, kuma da manhajar Stata nake raba riba tsakanin membobi. Idan na haɗa jimla sai in ga wani lokaci tamma ɗaya ko biyu ta ɓace ko ta ƙaru. Shin akwai haƙƙin mutane a kaina?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan tsantseni. Kwamfuta da tushe biyu take ƙidaya, sifili da ɗaya, don haka ba ta iya riƙe lamba irin 0.1 cif-cif, sai dai mafi kusa da ita, bisa ƙa'idar ajiye lambobi a kwamfuta mai suna IEEE 754 da aka kafa a 1985. Shi ya sa idan aka tara 0.1 da 0.2 a yawancin manhajoji, abin da ke ɓoye a ciki shi ne 0.30000000000000004. Wannan ɗan bambanci ba shi da ƙima a kasuwa, kuma Allah Maɗaukaki da Ya yi umarni da cika mudu da sikeli a aya ta 152 ta Suratul An'am, a cikin ayar ce Ya ce ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Babu laifi a kanka game da shi.

Amma abin da ka gani ya fi wannan girma, kuma shi ne ya fi damuna. Stata, idan ba a canza mata tsari ba, tana ajiye sabuwar lamba a ƙaramin ma'ajinta mai suna float, wanda ba ya riƙe cikakkun lambobi daidai sai zuwa 16,777,216. A kuɗin sefa wannan ba wani adadi ba ne mai yawa, cinikin kaka ɗaya na ƙungiya yana iya wuce shi, kuma da zarar an wuce sai 16,777,217 ta koma 16,777,216. Irin wannan kure yana taruwa: a kasuwar hannun jari ta birnin Vancouver a Kanada, yanke ƙarshen lambobi da aka riƙa yi tun 1982 ya sa ma'aunin farashin hannayen jarinta ya nuna kusan rabin ƙimarsa ta gaskiya kafin a gyara a 1983.

Hukunci a nan shi ne babu zunubi a kan abin da ya wuce cikin rashin sani, sai dai ramuwa tana nan, domin malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa ganganci da kuskure ɗaya suke a dukiyar mutane. Wanda aka tauye, a mayar masa ko ya yafe da bakinsa. Yanzu kuwa da ka sani, ci gaba da tsohon tsari sakaci ne da amana.

Ka koma babban ma'aji mai suna double, ka riƙa ajiye kuɗi a cikakkun tamma, kuma kada ka daidaita lamba sai sau ɗaya a ƙarshen lissafi. Tun da a Kasuwar Dole ta Damagaram ma ba a cika samun canjin da bai kai dala ba, membobi su zauna su rubuta yadda za a yi da rarar, ko a zuba ta a asusun ƙungiya ko a yi sadaka da yardarsu. Ba ta halatta ga ma'aji. Idan zakka kake fitarwa, ka cika zuwa sama don kada a rage wa talaka haƙƙinsa. Wallahu a'alam.