Amsar Gwaggo daga Kumasi

Hauwa 'yata, ina gajiya, ya karatu, ya su Yaya da Ummanki? Saƙonki ya iso kuma ki daina ba ni haƙuri, babu tambayar da ta ɓata min rai a ciki. Gara ke da kika tambaya. Wasu a dangi shekara da shekaru suna riƙe da irin waɗannan tambayoyin a ciki, sai dai in mun zo Kano biki a yi ta kallonmu ta gefen ido ana cewa ga 'yan mishan nan na Gana.

Kin ce wai da gaske ne akwai Hausawa a nan har da unguwanni? Akwai mana, kuma sun riga kakan kakanki sanin hanyar nan. Goro ne ya kawo su. Fataken Kano, su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ɗoro wa jakuna kanwa da baƙin rini da fata su yi wata da watanni a hanya har Gwanja, su sauka a Salaga su sayi goro su juya. Da yaƙi ya watsa Salaga a 1892 sai mutanen suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu nan Kumasi, wasu har Akra. Alhaji Umaru ma, babban malamin nan da ya rasu a Kete Krachi a 1934, haifaffen Kano ne. Wasu kuma soja suka zo yi wa Turawa suka zauna. Unguwannin su ake kira zango, a nan Kumasi akwai Aboabo da Asawase da Sabon Zango da sauransu, amma kar ki ɗauka duk wanda ke zango Bahaushe ne, akwai Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa, kowa da yarensa a ɗaki, in an fito tsakar gida ko bakin famfo sai kowa ya koma Hausa. Kowace ƙabila da sarkinta, ga Sarkin Zango a sama, shi ma ya san ƙasar ta Asante ce, in an yi taro a fadar Manhyia da rawaninsa yake zuwa ya gaida Otumfuo, Sarkin Asante. Tsofaffi ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita, mutanen da aka haifa a nan suka kwashi kaya suka nufi Najeriyar da ba su taɓa gani ba. Mu ma a Najeriya a 1983 muka kori nasu. Shi ya sa ɗan zango yake ji da maƙwabcinsa sosai, ya san ranar da abu ya tashi shi ne zai fara buga masa ƙofa.

To cikinsu muke, ɗaki da falo muke haya a wani babban gida, mai gidan wata Hajiya ce jikar fatake, kuma tun ranar da muka je neman ɗakin maigidana, Baban su Ladi, ya gaya mata ko mu su waye. Ya ce Hajiya ni mai bishara ne, ekklisiya ce ta turo ni, in zai dame ki ki faɗa tun yanzu. Ta dube shi ta dube ni da goyo a bayana ta ce kuna shan giya? Ya ce a'a. Naman alade fa? Ya ce ba ya shiga tukunyarmu. Ta ce to ku kawo kuɗin shekara 2, don haka ake biyan haya a nan, a dunƙule. Har yau a gidan muke. Kiran sallar asuba ne ke tashinmu, su su nufi masallaci mu mu taru da yara a falo mu karanta Littafi Mai Tsarki mu yi addu'a, kafin gari ya waye na ɗora koko, don ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, in na tashi daga nan in hau keken ɗinki.

Na san kin yi dariya da kika ji koko, tunda kin ce a makarantarku ana cewa Turawa dala suke zuba mana. Hauwa, da idona ban taɓa riƙe dalar mishan ba. Gaskiya ne Turawa ne suka fara, su 3 suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Hausa, 2 daga ciki ba su ma daɗe ba suka mutu, daga baya aikin ya kafu har aka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, asibitin idon nan na mishan da ke Kano wanda aka yi wa Inna aikin yanar ido ma daga wannan tushen yake. Amma tun 1948 'yan ƙasa suka kafa tasu ƙungiyar aika masu bishara, EMS, kuma yau yawancin irinmu da za ki gani a ƙasashen nan baƙaƙen fata ne, kuɗinsu daga baikon talakawa yake fitowa. Namu daga ƙananan ekklisiyoyi ne na ƙauyukan Kano da Kaduna, zumuntar mata su haɗa ɗari biyar biyar, manomi ya ba da buhun masara bayan kaka a sayar a turo. Da naira ake turowa mu canza zuwa sidi, to da naira ta faɗi a 2023 abin da ke isarmu wata guda ya koma ba ya kai mu tsakiyar wata. Ban taɓa jin haushin masu turowa ba don na san daga bakinsu suke cirewa, kuma duk lokacin da zan kashe kuɗin nan sai na tuna fuskokin matan da suka haɗa shi.

Aikin kansa ba wani abin mamaki ba ne. Ran Lahadi muna sujada a wani ajin makaranta da muke haya, yawancin masu zuwa 'yan arewacin Gana ne da suka zo neman kuɗi, Frafra da Kusasi da Konkomba, ba sa jin Twi, yaren Asante, sosai balle Turanci, Hausa ce ta haɗa su, da ita ake wa'azi da ita ake waƙa. Sauran kwanaki Baban su Ladi yana yawon gaida marasa lafiya, ya raka wanda bai san kan asibiti ba, da yamma ya koya wa manya karatu. Ni kuma 'yan matan da ake kira kayayo ne suka tsaya min a rai. Yara ne daga arewa, suna dako a kasuwar Kejetia da ƙaton daro a ka, wasu da goyo, su kwana a gaban shagunan mutane. Ran da na fara kwance wa wata ɗankwali zan yi mata kitso na ga tsakiyar kanta ya goge ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi kauri ta yi sheƙi saboda gammo da nauyi, yarinyar ba ta wuce sa'ar ƙanwarki Zainab ba, sai da na shiga ɗaki na share hawaye na dawo. Ina koya musu ɗinki da lissafin kuɗi, yawancinsu Musulmi ne kuma in lokacin salla ya yi ga buta ga tabarma nan na ajiye musu.

Yanzu tambayarki mai nauyi, wai muna ba mutane kuɗi su bar addininsu. Ba zan ce miki babu masu yi a duniya ba, amma ni a wurina wannan zalunci ne, ka ga mutum da yunwa ka ce sai ya sayar da abin da ya gaskata kafin ka ba shi tuwo. Akwai wani saurayi da ya taɓa zuwa da dare ya ce a yi masa baftisma in za a biya masa kuɗin makaranta. Baban su Ladi ya ce masa zauna, kuɗin makaranta daban bangaskiya daban, abin da zan iya zan taimaka maka da shi kana Musulminka. Ya taimaka da ɗan abin da ke akwai, yaron nan har yau yana salla kuma har yau yana zuwa gaishe mu. Kar kuma ki ce na ɓoye miki, e muna so mutane su san Yesu Almasihu, don haka muka bar gida, kamar yadda ke ma kike min fatan Musulunci kuma na san don ƙauna kike yi. Wanda ya tambaye mu za mu gaya masa abin da muka gaskata ba kwana-kwana. Amma ba ma jan ɗan mutum ba da sanin iyayensa ba, ba ma zagin Annabinku, ba ma kafa lasifika a ƙofar masallaci. Ina Sabon Gari a watan Oktoban 1991 lokacin rikicin zuwan Bonke Kano, Baturen nan mai wa'azin Kirista, na ga gawa a titi ina budurwa, mu da muka ga wannan ba sai an koya mana taka-tsantsan da addinin mutane ba.

Nan ɗin ma zo mu zauna ne zo mu saɓa. A 2021 an yi ta cece-kuce kan wata makarantar mishan da ta hana ɗalibai Musulmi azumi, kuma ni na ce ba a kyauta ba, na faɗa a gaban 'yan'uwana Kirista. Amma zaman ya fi namu sauƙi nesa ba kusa ba. Musulmi kusan kashi 20 ne cikin 100 a ƙidayar 2021, Kirista sun haura 70, duk da haka salla ƙarama da babba hutu ne ga kowa, kuma gida ɗaya sai ki samu wa Musulmi ƙane Kirista ba wanda ya ɗauke shi abin magana. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019 da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika a Akra ran Ista ya zauna. Mutanen zango da alfahari suke ba da labarin nan. A gidanmu kuwa da babbar salla nama har sai na rasa inda zan sa, ni ke taya Hajiya suya. Da Kirsimeti in mun sayi kaji ko ɗan akuya, malamin da ke ɗakin ƙofa muke kai wa ya yanka don kowa ya ci hankalinsa kwance. Suna, biki, zaman makoki, ba wanda ake yi ba mu.

Abin da zai ba ki mamaki, Kiristan Asante sun fi Musulmin zango kasa gane mu. A wurinsu Bahaushe Musulmi ne, magana ta ƙare. Na shiga wani babban coci da mayafina wata mata ta taso da fara'a tana min maraba a matsayin baƙuwa Musulma, da na ce mata matar mai bishara ce ni sai ta tsaya tana kallona. Al'adunsu ma sai da muka koya, su gawa sai ta yi makonni ko watanni a firjin asibiti ana shiri, ran Asabar a fito da ja da baƙin kaya a yi kiɗa a yi rawa a kashe kuɗi mai yawa. Mu a 'yar ekklisiyarmu irin na zango muke yi, da wuri ake binnewa.

Maganar binnewa ita ce inda aikin nan ya fi ci min rai. Ran da Inna ta rasu a gidanku na Ɗorayi da safe aka bugo min, kafin azahar an kai ta, ni ina nan ina neman kuɗin mota. Kumasi zuwa Akra, Aflao, Lome, Kwatano, Seme, Legas, sannan a kama hanyar Kano, na iso an riga an yi sadakar uku. Ban ga laifin kowa ba, haka addininta ya ce kuma haka ta so, amma ban ga fuskar uwata ba kuma wannan ba ya warkewa. Sai yaran. A nan aka haifi ƙananan, Hausarsu ta zango ce wadda ba ta raba mace da namiji, kin tuna yadda kuka yi ta dariyar Ladi da ta zo, daga ranar ta daina magana a gabanku sai Turanci. Suna jin Twi kamar 'yan gari, sun fi son wake da shinkafar nan da fufu a kan tuwon dawa, amma haihuwa a nan ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, katin baƙi muke sabunta musu. Babban kuma yanzu wata 'yar Asante yake nema, yarinya mai hankali, sai dai su dangin uwa ne ke da 'ya'ya a al'adarsu, na kwana ina tunanin jikokina za su san Kano kuwa.

Kin tambaya ko za mu dawo. Baban su Ladi yana cewa in ƙarfi ya ƙare ƙauye zai koma ya yi noma, ni kuma in na dubi matan gidan nan da suka karɓi haihuwata suka yi min wankan jego sai in ji ba zan iya ɗaga ƙafa ba. Ba mu yanke ba tukuna, muna addu'a a kai.

In kina son ganin zango da idonki ki nemi izinin Yaya ki zo hutun ƙarshen shekara, ba a neman biza tunda ECOWAS ce, fasfo da katin allurar shawara kawai za ki riƙe, kuma kar ki taho ke kaɗai, ki biyo matan da ke zuwa sarin kaya. Masallaci yana bayan gida, Hajiya ta ce a ɗakinta za ki kwana. Ki taho min da man shanu da yajin Ummanki in da hali. Ki gaida Yaya da kyau, ki ce masa ya riƙa shan maganin hawan jinin nan, ki gaida Zainab da su Abba.

Gwaggonki.