An yi mini dashen ƙoda kuma na samu sauƙi, zan iya rage magani?

Tambaya: Likita, wata takwas ke nan da aka yi mini dashen ƙoda, ƙanwata ce ta ba ni tata. Alhamdulillahi jikina ya dawo, har na koma aiki. Sai dai sau uku a watan nan na manta da maganin dare, kunya kuma ta hana ni gaya wa likitana. Tunda ba abin da ke damuna, zan iya rage maganin?

Amsa: Sannu da jiki ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa ƙanwarka da alheri. A'a, kada ka rage ko ƙwaya ɗaya da kanka.

Garkuwar jikinka har gobe kallon baƙuwa take yi wa wannan ƙoda. Dashen farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, shi ya sa jiki bai ƙi ta ba. Kai da ƙanwarka ba haka kuke ba. Magunguna irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone su ne ke riƙe da garkuwar, kuma za ka ci gaba da shan magani muddin ƙodar tana aiki. Sau da yawa jiki kan fara yaƙarta ba ciwo ba zazzaɓi, sai gwajin jini ya nuna creatinine, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau. Jin daɗin jiki ba shi ne ma'auni ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kunyar nan. Likitanka yana auna tacrolimus da ke jininka ne ya daidaita adadin da za ka sha. In ya ga ya yi ƙasa, bai san mantuwa ce ta jawo ba, zai iya ƙara maka, alhali in ya yi yawa shi ma yana cutar da ƙodar, ga rawar hannu. Ka faɗa masa ranakun da ka tsallake. Wallahi ya saba jin haka, taimakonka zai yi. In ka sake mantawa kada ka ninka, ka kira likitanka. Mai shan sau biyu a rana ya sa ƙararrawar waya, awa 12 tsakani. Ranar gwaji kuma ka sa ƙwayar safe a aljihu, sai an ɗebi jini sannan ka haɗiye.

Duk likitan da zai rubuta maka magani, ko na haƙori ne, ka fara gaya masa an yi maka dashe. Rifampicin na tarin fuka yana rage tacrolimus a jini, clarithromycin da fluconazole suna ƙara shi, haka ma garehul. Ka guji ibuprofen da diclofenac, da duk wani haɗin ganye da likitanka bai sani ba.

Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta nauyinka da awon hawan jini kowace safiya, da tambayoyin da za ka je da su asibiti. Amma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, raguwar fitsari, kumburin ƙafa, ciwo a mara wajen da aka dasa ƙodar, gudawa, ko aman da ya hana magani zama, waɗannan ba a jira musu ranar ganin likita. Ka kira a ranar, ko da tsakar dare ne.