Kubbar Sulaimaniyya a kan bulo mai inci shida

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Kwamitin masallacinmu sun dage sai an ɗora kubba irin ta masallacin Sulaimaniyya na Istanbul a kan ginin da ya riga ya kai linta. Birkilanmu ya ce kubba ba ta faɗuwa, ita ke riƙe kanta. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malam, gara da bai kwanta ba. Wannan magana ta "kubba ke riƙe kanta" na ji ta har kunnena ya gaji. Kife ƙwarya a ƙasa ka danna ta da tafin hannu, ka ga yadda bakinta ke neman buɗewa. Haka kubba take: tana danna ƙasa, tana kuma tura bango waje.

Mimar Sinan, wanda ya gina wa Sarki Sulaiman na Turkawa masallacin daga 1550 zuwa 1557, ya san haka sarai. Kubbar, mai tsayin mita 53 daga daɓe da faɗin sama da mita 26, a kan manyan ginshiƙai huɗu take zaune, waɗanda Turkawa ke kira ƙafar giwa. Rabin kubba biyu sun tokare ta, ɗaya ta alƙibla ɗaya ta baya, sauran gefen biyu kuma madogarai ne na dutse da ya saje su cikin bango don kada su ɓata kyan ginin. Mai ɗaukar hoto sama yake kallo, shi ya sa ba ya dawo muku da labarinsu.

Kuma wa ya ce ba ta faɗuwa? Ta Aya Sofiya, wani tsohon babban gini can kusa da masallacin, ta rufta a 558. Ita kanta ta Sulaimaniyya girgizar ƙasa ta 1766 ta yi mata ɓarna. Wani ma har cewa ya yi da ni wai da ƙwan jimina aka kwaɓa ginin. Ƙwan jimina yana nan, amma a rataye yake tsakanin fitilu!

Na taɓa zuwa duba wani masallaci da aka zuba wa kubbar kankare a kan bulo mai inci shida. Kafin damina ta biyu tsagar bangon ta isa in zura yatsa. Da na tambayi wanda ya yi lissafin rodi, sai aka ce ai maigidan ya shekara talatin yana gini.

Ku dakatar da aikin, a tono harsashin ginin, injiniya ya gani da idonsa. In ba zai ɗauka ba, ku yi kubbar ƙarfe mara nauyi, a lulluɓe ta da kwano.