Yadda ake neman takardar mallakar ƙirƙira a zamanin da

Malam, ka tambaya ko mutanen da suna da hanyar hana a kwaikwayi injin da suka ƙera. Suna da ita. A Amurka an kafa dokar ba da takardar mallakar ƙirƙira a 1790, kuma Shugaba George Washington da kansa ya sa hannu a takardar farko, ta Samuel Hopkins, kan dabarar fitar da sinadari daga toka. Mai nema yakan kai bayani a rubuce da zane, galibi har da ɗan ƙaramin samfurin injin, sai a ba shi shekara 14 shi kaɗai ke da ikon ƙerawa da sayarwa.

Sai dai ba kowa takardar ta tsare ba. Labarin Eli Whitney yana taɓa ni sosai. Ya samu tasa a 1794 kan injin gurzar auduga, amma injin bai da wuyar haɗawa, duk maƙerin da ya gan shi zai iya yin irinsa. Manoman jihar Jojiya ta Amurka suka yi ta kwaikwaya, shi kuwa yana ta zirga-zirgar kotu. Sai a 1807 ya samu hukunci mai ƙarfi, lokacin wa'adin ya kusa cika. Ya nemi ƙarin wa'adi, majalisa ta ƙi.